Sunan Ƙarshe a Katin Gwaggo Larai

Kaduna, Litinin, 17 ga Oktoba, 1988
Ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana

Zuwa ga Gwaggo Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Khadijatu da yaranta, kuma ciwon gwiwar da Baba ya ce yana damunki ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai Baba da ya yi kwana uku da mura, ya kuma warware.

Ina rubuta wannan takarda a ofis, lokacin hutun cin abinci, a kan teburin da aka ba ni kusa da taga. Na san za ki yi mamaki, domin rabonki da ni tun bikin Yaya Khadijatu, shekara tara ke nan. Ni ne Saifuddeen, jikan wan mahaifinki, wanda ya ɓarar miki da kunun gyaɗa a wancan bikin.

Na gama bautar ƙasa a watan Agusta. Ranar uku ga wannan wata aka ɗauke ni aiki a gidan rediyo, na gwaji, wata shida. An sa ni a shirin gaisuwa na "Ina Gajiya", wanda Malam Ƙasimu yake gabatarwa kullum da ƙarfe huɗu da rabi. Baba ya ce ba a taɓa yin shirin nan babu kunnenki ba.

Idon Malam Ƙasimu ya yi rauni, saboda haka aikina shi ne in kwafe katunan da masu saurare suka aiko a kan babbar takarda, da manyan baƙaƙe, shi kuma ya karanta. A makon farko na ga akwai matsala. Kati arba'in da ɗaya ne ke isowa a rana, in an daidaita, amma ba a karanta fiye da goma sha tara. Sauran suna cikin kwali, har da na watan Yuni. Wani katin sunaye goma sha huɗu ne a kansa. Na sa agogo na auna: suna ɗaya da garinsa yana cin daƙiƙa huɗu. Na lissafa, na ga in aka tsaya a kan sunaye biyar na farko, kowane kati zai samu shiga a ranarsa. Shugaban sashenmu ya amince, kuma mun fara ranar Litinin da ta wuce, goma ga wata. Tun daga ranar ba kati ko ɗaya da ya kwana. Malam Ƙasimu bai ce komai ba sai, "To, ai ku ne masu digiri." Ban gane ko yabo ne ba.

Ga abin da nake roƙo. Shugaban sashe ya ce in rubuta rahoto a kan abin da ke sa mutane su manne wa shirin nan, alhali wasu tashoshin sun fi mu sababbin waƙoƙi. Abin da aka koya mana a jami'a shi ne ƙarfin tasha da dacewar lokaci, amma na fi son in ji daga bakin mai saurare. Tun yaushe kike jin shirin? Me ya sa? Kuma me zai sa ki daina? Don Allah ki amsa yadda abin yake, kada ki ji nauyina.

Ɗanki,
Saifuddeen


Kafanchan, 2 ga Nuwamba

Ɗana Saifuddeen,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya babanka, yaya mamarka? Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwa ta ɗan lafa tun da ruwa ya ɗauke, amma har yanzu a zaune nake salla.

Wato sai a bakin mai kawo albasa daga Kaduna zan ji ɗana ya shiga gidan rediyo? Ko 'yar takarda ba ka aiko ba! To, na yafe. Allah ya sa albarka, ya raba ka da sharrin masu hassada. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba na jami'a ba.

Allah ne ya kai ka wurin nan a daidai lokacin da nake neman wani nawa a ciki. Ina da ƙawa, sunanta Afiniki, matar Kumai na reluwe, muna ce mata Maman Roseline. Shekara goma sha tara rumfarta na jikin tawa a kasuwa, ita citta da acca, ni atamfa. Ita ta riƙe Khadijatu wata biyu lokacin da na kwanta asibiti. Bayan rikicin addini na bara mijinta ya ajiye aiki, ya kwashe su suka koma garinsu, Fadan Kaje. Ba na son maganar wancan lokaci. Ranar da za su tafi, muna tsaye a bakin mota, ta riƙe hannuna ta ce, "Maman Khadija, ni ban san karatu ba, kada ka rubuta mini leta. Ka gaishe ni a wurin Ƙasimu." Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Nan muka yi alkawari, ni Laraba, ita Juma'a. 'Yarta Roseline, malamar makaranta, ita ke cika mata kati. Ba mu taɓa fashi ba.

Katina sunaye goma sha biyu ne, teloli da kastomomi da surukai, wanda duk na tsallake gobe ya zo rumfa yana hura hanci. Afiniki ce ta ƙarshe, kullum. Ita ma ni ce ta ƙarshe a nata, ko da yake nata gajere ne, mutum huɗu. Ai ba a fara cinye tsokar nama, sai an gama da tuwo.

To, Laraba huɗu ke nan, har da ta yau, ana karanta katina a tsaya a kan surukar Khadijatu, wadda ko son ta ba na yi. Sai a wuce katin wani. Na farko na ce kuskure ne. Na biyu na ce ko Malam Ƙasimu ba shi da lafiya. Juma'ar da ta wuce aka karanta na Afiniki: mijinta, Roseline, matar fasto. Shi ke nan, babu ni. Ina riƙe da almakashi, mai sayen atamfa tana yi mini magana, wallahi ban san me take cewa ba.

Za ka ce in hau mota mana, ai ba nisa. Gwiwa ba ta bari. Kuma tun bara, mace irina ba za ta sauka a garin ba tare da an yi ta tambayar wurin wa ta zo ba, ni kuwa ba na son in jawo mata magana a wurin dangin mijinta.

Abu biyu nake so. Ka binciko mini wane mara tsoron Allah ne yake gutsure mini kati. Sannan ka duba katin Afiniki na Juma'a da idonka, ka gaya mini ko sunana yana kai aka ƙi karantawa.

Gwaggonka,
Larai


Kaduna, Talata, 8 ga Nuwamba, 1988
Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da jiki. Mu nan lafiya. Takardarki ta iso minti arba'in da suka wuce, na karanta ta sau uku. Na ga alama wadda na aiko ranar sha bakwai ga Oktoba ba ta same ki ba.

Gwaggo, ba sai na bincika ba. Ni ne. Ni na kawo dokar tsayawa a kan sunaye biyar, ni kuma nake kwafewa da hannuna. Na ciro katunanki na 12, da 19, da 26 ga Oktoba, da na 2 ga Nuwamba. A kowanne sunan Afiniki yana nan, na goma sha biyu, kin ma ja masa layi a ƙasa. Na ga layin a lokacin, na ɗauka alamar rufe kati ce. Ban kuma gane katinki ba ne, domin kina sa "Larai mai atamfa", kuma muna da Larai shida masu aikowa daga wajen Kafanchan. Ba hujja nake kawowa ba, ina dai gaya miki yadda aka yi.

Na kuma ciro na Afiniki. Na 14 da na 21 ga Oktoba sunaye huɗu ne, naki na huɗu, an kuma karanta su cikakku. Na 28 ga wata sunaye uku ne. Ban cire komai ba. Na ɗaga shi a hasken taga ko an goge wani abu, ba a goge ba. Ranar Juma'a huɗu ga Nuwamba kuwa ba ta aiko da kati ba sam. Na so in ɓoye miki wannan, amma kin ce in duba da idona.

Abu ɗaya ne ya ɗan kwantar mini da hankali. Katinki na gobe yana gabana, na ga kin mayar da sunanta na ɗaya. Haka zan kwafe shi, kuma ita za a fara kira. Ina ganin wannan zai gyara komai.

Ban gaya wa kowa a ofis ba tukuna. Shugaban sashe ya yabi dokar a gaban ma'aikata ranar Alhamis, kuma ban san yadda zan koma in ce masa ta yi ɓarna ba. In kin yi fushi da ni, kina da gaskiya.

Ɗanki,
Saifuddeen


Kaduna, Litinin, 21 ga Nuwamba, 1988
Ƙarfe biyu da minti biyar

Gwaggo,

Ina fatan lafiya ce ta sa ki shiru. Yau kwana goma sha uku da na aiko miki da takarda. Ina zuwa wurin masinja sau biyu a rana, har ya fara ce mini ango. Juma'a biyu sun ƙara wucewa babu katin Afiniki. Na fahimci ba kya son magana da ni, kuma ban ga laifinki ba. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko da na zagi ne.

Saifuddeen


Kafanchan, 24 ga Nuwamba

Saifuddeen ɗan gidan wana,

Lafiya lau nake, ka kwantar da hankalinka ka ci abinci. Wane irin fushi? Akwatin gidan wayan da muke amfani da shi na Mista Udoka ne mai kanti, ya tafi garinsu jana'izar mahaifiyarsa da makullin a aljihu, mako biyar. Jiya ya dawo ya miƙo mini takardunka uku a haɗe. Na karanta ta farko na yi dariya, na karanta ta biyu na yi kuka, ta uku kuwa na ce wannan yaro zai kashe kansa a banza.

Ashe ɓarawon a cikin gida yake, ni ina ta tsine wa na waje! Na janye tsinuwar, Allah ya sa ba ta riga ta kama hanya ba. Amma kai ma, agogo ka sa wa gaisuwa? Wa ya taɓa gaida uwarsa yana kallon agogo?

Ka ce mayar da ita ta ɗaya zai gyara komai. Ni ma haka na zata, amma ƙara ɓatawa ya yi. Akwai wani direba, Valentine, mai bin hanyarsu. Na ba shi saƙo da baki, ya gaya mata 'yan rediyo ne ke yanke kati. Ga amsar da ya kawo, na sa ya maimaita sau biyu: "Gaya wa Larai, shekara goma sha ɗaya ina jin Ƙasimu, bai taɓa yar da sunan mutum ba. In Larai ya gaji da ni ya faɗa, kada ya ɗora wa bawan Allah laifi. Yanzu kuma ya sa ni a gaba, tare da kastoma. Na gode. Ubangiji ya ba shi kasuwa."

Ka ji fa. Shekara goma sha tara muna cin abinci a kwano ɗaya, amma ta fi yarda da mutumin da ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba. Na yi kwana biyu ina jin haushi. Daga baya na tambayi kaina, in ni ce fa? Ni ma da na yarda da shi.

Ga amsar tambayoyinka, ka sa a rahoton. Tun Khadijatu na firamare nake jin shirin. Waƙoƙinku ba su dame ni ba, lokacin waƙa nake ba da canji. Abin da ya riƙe mu shi ne mutumin nan ya san sunayenmu. Nan garin akwai Kaje, akwai Jaba, akwai Ibo 'yan reluwe, akwai mu. Wasu tashoshin in suka zo kan suna kamar Ginikachi sai su tauna shi su tofar, ko su yi dariya. Malam Ƙasimu zai faɗe shi yadda uwar mai sunan take faɗa. Ranar da ya kasa, gobe sai ya dawo ya gyara, ya ba da haƙuri.

Sannan lokacin. Huɗu da rabi ba rediyona kaɗai ke kunne ba, layinmu duka ne, daga masu nama har masu gwanjo. In aka kira Afiniki, na san a daidai wannan lokaci ita ma tana can ta ajiye wuƙar fere citta, kunnenta a jikin rediyo. Sai in ji kamar tabarma ɗaya muke zaune. Kuma a kwanakin nan na bara da ba mai iya leƙa waje, huɗu da rabi na yi sai ga muryarsa, yana kiran su Beatrice da su Hadiza a jere kamar kullum. Ranar na san duniya ba ta tashi ba.

Me zai sa in daina? Ranar da na ga ya daina saninmu.

Yanzu ka saurara. Afiniki ba za ta yarda da ni ba, balle kai da ba ta sani ba. Bakin da ya yi shiru a kan sunanta, shi ne zai yi magana. Ka tafi wurin Malam Ƙasimu ka gaya masa gaskiya. Na san kana tsoron aikinka, ni ma ina jin maka. Amma ka je.

Gwaggonka mai ƙaunarka,
Larai


Kaduna, Laraba, 30 ga Nuwamba, 1988
Ƙarfe takwas da rabi na safe, kafin a buɗe ofis

Gwaggo,

Na gode Allah da kike lafiya. Na ci abinci. Wannan takarda a hannun gadin jirgin ƙasa zan ba da ita, ya yi alkawarin kai miki rumfa, don kada ta sake kwana a akwati.

Kafin in je wurin Malam Ƙasimu na so in tabbatar ba ke kaɗai ba ce. Na ɗauko kati ɗari biyu da goma sha huɗu masu sunaye fiye da biyar. A guda ɗari da hamsin da biyu, sunan ƙarshe yana da wani ƙari da sauran ba su da shi: "mahaifiyata", ko "aminina", ko "wadda ta san kanta", ko a ja masa layi irin naki. Wato mako bakwai ina zubar da iyayen mutane ina ajiye maƙwabtansu.

Jiya da azahar na same shi a gindin mangwaron bayan ofis yana cin gyaɗa. Na karanta masa takardarki, ban da wurin ɓarawo. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗan digiri, ta ina ka yanke?"

Na ce, "Ta ƙasa, Malam."

Ya ce, "Ko mahauci ya san ba a yar da hanta."

Na ce ban sani ba ne. Ya ce, "Kai ba ka sani ba, ni na sani. Tun ranar farko bakina ke kaiwa wurin da ya saba jan numfashi, sai in tarar babu kowa. Na yi shiru ne saboda an daɗe ana ce mini tsohon yayi. Kai jahilci ka yi, ni tsoro. Nawa ya fi muni." Sannan ya tambaye ni, "Afiniki ta Fadan Kaje, mai gaida matar fasto? Na yi cigiyarta a raina, na zata rashin lafiya ne."

Tare muka shiga wurin shugaban sashe. Bai ji daɗi ba. Ya ce shi ya yabe ni a gaban jama'a, yanzu ga shi zan sa ya lashe amansa, kuma za a rubuta wannan a fayil ɗina kafin a yanke shawara a kan aikina a watan Afrilu. Amma ya yarda a cire waƙa ɗaya daga shirin, a roƙi masu saurare su tsaya a sunaye takwas, kuma ko mene ne ya faru ba za a sake taɓa sunan ƙarshe ba.

Ranar Laraba mai zuwa, bakwai ga Disamba, Malam Ƙasimu zai yi magana da bakinsa. Ya ce ki mayar da ita wurinta, ta goma sha biyu, ranar zai karanta duka. Ban san abin da zai faɗa ba, ya ƙi in rubuta masa.

Ɗanki,
Saifuddeen


Kafanchan, 16 ga Disamba

Ɗana,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Ka gaida Malam Ƙasimu, ka ce Larai mai atamfa ta ce akwai turmi guda da ke jiransa duk ranar da ya tako garin nan.

Na ji. Duk layinmu ya ji. Ai na riga na sanar, har Mista Udoka ya rufe kanti ya zo ya tsaya. Malam Ƙasimu ya karanta sunaye sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa zuciyata kamar ta faɗo cikin kwandon zare. Sai ya ja numfashin nan nasa, ya ce, "Da kuma Afiniki, Maman Roseline, a Fadan Kaje. Afiniki, in kina ji, kuma na san kina ji, sau huɗu Larai ta ba ni ke in kai, sau huɗu na yar da ke a hanya. Katunan suna gabana. Laifina ne, ba nata ba. Ke da duk wanda na yar, ku yafe wa tsoho." Bai ambace ka ba ko kaɗan. Mai kifin da ke kallon rumfata ta rangaɗa guɗa, wata kuma ta fashe da kuka, ashe ita ma mako shida ba sa magana da yayarta ta Kwoi a kan wannan.

Amma Saifuddeen, Juma'a biyu ke nan, ta tara ga wata da ta yau, babu katinta. Na zauna har aka yi kiɗan rufewa. Ina ce wa kaina lokacin haƙar citta ne, wataƙila suna gona har magariba. Wataƙila batir ne ya ƙare. Valentine ya ce ya hango ta a bakin hanya ta ɗaga masa hannu, amma ba ta ba shi saƙo ba, ni kuma na hana shi tambaya. In ta ji ta ƙi, to, ba ta rediyo ba ce kuma, wani abin ne daban da ya daɗe a zuciya tun bara, ni ban sani ba. Wannan ne yake hana ni sukuni.

Kai dai ka yi naka. Kada in ji ka rame.

Gwaggonka,
Larai


Kaduna, Talata, 20 ga Disamba, 1988
Ƙarfe goma sha biyu saura minti ashirin

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kowa lafiya, ki yafe mini gajartar wannan takarda. Masinja ya kawo jakar wasiƙu ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Takardarki tana ciki. Kati na ashirin da uku da na buɗe kuma daga Fadan Kaje yake, da rubutun Roseline.

Na fara duba hatimin gidan waya. Takwas ga Disamba. Gwaggo, washegarin ranar da Malam Ƙasimu ya yi magana aka jefa shi. Kwana goma sha biyu ya yi a hanya saboda cunkoson katunan Kirsimeti. Ba ta yi jinkiri ba ko na kwana ɗaya.

Ga abin da ke kai, yadda yake. Na ɗaya, Larai mai atamfa, kasuwar Kafanchan. Na biyu, Baba Kumai. Na uku, Roseline. Na huɗu, matar fasto. Na biyar, Larai mai atamfa, Maman Khadija, an ja layi biyu a ƙasa. A bayan katin Roseline ta rubuta: "Mama ta ce ta yafe wa Ƙasimu, amma ta san ba shi kaɗai ba ne, akwai mai almakashi a ofis ɗin nan. A gaya masa in ya yanke sama akwai ƙasa, in ya yanke ƙasa akwai sama."

Na kai wa Malam Ƙasimu. Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Ya ce ranar Juma'a, ashirin da uku ga wata, zai karanta shi da sama da ƙasa, kuma shi zai rufe shirin da shi. Na riga na kwafe, na duba sau huɗu.

Ɗanki,
Saifuddeen

Abubuwan da har yanzu ban sani ba:

Ko za a bar ni a aikin nan bayan Afrilu.

Mutum nawa ne cikin ɗari da hamsin da biyun nan ba su kunna rediyo ba ranar bakwai ga wata, kuma har yau suna fushi da wanda bai yi musu komai ba. Na fara rubuta wa masu adireshi, na kai talatin da ɗaya.

Yadda zan sa abin da kika gaya mini a cikin rahoto, domin shugaban sashe lambobi yake so.

Ko gadin jirgi zai kawo miki wannan kafin Juma'a, ko kuwa Malam Ƙasimu zai riga ni.

Ko Mama Afiniki ta san mai almakashin ɗanki ne. In ba ta sani ba, Gwaggo, don girman Allah a bar ta ta ci Kirsimeti tukuna.